"Bari Ya Huce" Shi Ke Kawo Rabon Ƙuduji

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a watan Satumba, ya wuce Boɗinga ya nufi Shagari, zai ga wani abu. Ga gonaki biyu iyaka ɗaya: wannan geronta ya yi zangarniya, waccan kuwa ta cika da jajayen furannin ƙuduji, watau wuta-wuta. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Sau da yawa abin da ya raba su kalma biyu ne kurum: "sai gobe."

Ƙuduji ba ya jira. Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake manne wa saiwar gero da dawa yana tsotse su. In ya fito, cikin 'yan makonni sai fure. Tushe ɗaya yakan zubar da iri dubbai, irin nan kuwa yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 da ransa. Ashe wanda ya yi jinkirin mako biyu ya ɗaukar wa 'ya'yansa bashi.

To, me ke sa mutum mai hankali ya san haka, kuma ya ƙi tashi? Ba lalaci ba ne kullum. Na fari, wahalar tugewa yau take, amfaninta kuwa sai baɗi, ga shi zuciya ta fi son abin da ke kusa. Na biyu, in mutum ya dubi gonar gaba ɗaya sai aikin ya yi masa girma, gabansa ya faɗi, ya koma gindin itace. Na uku, wani yana jiran komai ya cika, ko takin zamani ya iso, ko ya sami kuɗin 'yan ƙwadago. Akwai kuma wanda rumbunsa ya ƙare, tilas ya tafi noman wani, tasa ta jira. Wannan taimako yake bukata, ba zargi ba.

Maganin ba shi da tsada. Kada manomi ya ce zai tuge gona. Ya ce zai tuge kunya 10 bayan sallar asuba, gama farawa ita ce mai wuya. Ya yanka rana, ya faɗa wa maƙwabcinsa, domin mutum yana jin kunyar saɓa maganar da wani ya ji. In hannu ya yi kaɗan, a kira gayya. Abin da aka tuge a tara waje ɗaya a ƙone, tun bai yi iri ba. Takin gida kuma a kai shi gona tun da rani, domin ƙuduji ya fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar ta shafi ɗan kasuwa mai barin buhunan wake har ƙwari su huda su, da akawu mai danne takardar manomi har damina ta wuce.

Alhaji Shehu Shagari ya kafa shirin bunƙasa noma a 1980, sa'ad da yake Shugaban Ƙasa. Amma babu gwamnatin da za ta duƙa ta tuge wa mutum ƙuduji. Wannan aikin mai gona ne, ranarsa kuwa yau ce. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.