Kuɗin Mota Kada Ya Raba Dattijo da Danginsa



Ku tambayi dattawa su ba ku labarin 1977. A shekarar ce hukuma ta tashi Zongo daga tsakiyar Lome ta kawo mu nan Agoe, kusan kilomita 15 daga gari. Kasuwar Adawlato ba ta biyo mu ba, asibitin Tokoin bai biyo mu ba, ofisoshin gwamnati ma suna can inda suke. Tun daga ranar, duk abin da ɗan Zongo zai yi a gari sai ya sa hannu a aljihu. Samarin da suka ɗauki kayan ƙaura a ka, yau su ne 'yan shekara 65 da 70, kuma har yanzu su ke biyan kuɗin wannan tazara.

Da me suke biya? Fansho na CNSS da CRT na wanda ya ci albashi ne. Mai fataucin goro da ɗan tireda da mahauci da tela da Hajiya mai koko ba su da takardar albashi. Abin da ɗa ko jika ya miƙo, shi ne guzurinsu. Shi kuwa ɗan, in ma ya yi sa'ar samun aiki, mafi ƙarancin albashi sefa 52,500 ne tun daga Janairun 2023, a ciki zai biya haya, ya ciyar da gida. Shi ya sa za ka ga Baba mai hawan jini ya tsallake ranar ganin likita, Inna ta ji rasuwar ƙanwarta a Sokode ta yi ta'aziyya ta waya. In tafiya ta zama dole, sai tsohuwa ta hau bayan zemijan a titin da manyan motocin Burkina da Nijar ke bi dare da rana.

Ga abin da jam'iyyarmu ta tsaya a kai, ku riƙe takardar nan ku tuhume mu da ita:

Na ɗaya, duk wanda ya kai shekara 60 ya biya rabin kuɗi a motocin SOTRAL, a ware masa kujerun gaba.

Na biyu, a motocin dogon zango da ke tashi daga Agbalepedogan zuwa Atakpame da Sokode da Kara da Dapaong har Cinkasse, a ajiye kujeru biyu na dattawa a kan rabin kuɗi.

Na uku, katin zaɓe ya wadatar wajen tabbatar da shekaru. Kowa ya san iyayenmu da yawa ba su da takardar haihuwa, kada a mai da ita shingen hana su haƙƙinsu.

Direbobi da 'yan kamasho, mun san abin da ke ranku: mai ya yi tsada, wa zai cike giɓin? Ba ku ba. Dokar da muke nema za ta ɗora wa baitulmali nauyin, ta hanyar rage muku kuɗin shingen biya irin na Davie da harajin mota, gwargwadon dattawan da kuka ɗauka.

Za su ce abin ba zai yiwu ba. To, tsallaka Aflao kawai: a 2015 Gana ta fito da katin dattawa mai suna Eban, wanda ya ba 'yan shekara 65 ragin rabin kuɗi a motocin Metro Mass. A Birazil, dokar 2003 ta ajiye wa tsofaffi marasa ƙarfi kujeru biyu kyauta a kowace motar da ke zirga-zirga tsakanin jihohi. Mu ma nan mun gani da idonmu: a Afrilun 2020, lokacin korona, an aika wa mutane tallafin Novissi ta wayar hannu, da katin zaɓe aka tantance su. Ashe hanya tana nan. Niyya ce babu. Gida ɗaya ke riƙe da mulki tun 1967; da suna so, da tuni an yi.

Ba za mu yi muku alkawarin abin da ba ya hannunmu ba. Katin Togo iyakarsa Togo. Amma mai zuwa Dosso ko Maraɗi ta arewa, sama da kilomita 600 na tafiyarsa a cikin ƙasar nan yake yi kafin ya ga Cinkasse. Ragin wannan kaɗai ya isa ya sayo tsarabar jikoki.

Matasa, maganar ta shafe ku, don daga aljihunku kuɗin ke fita, kuma wanda Allah ya ja kwanansa zai iso layin. Da tsohuwar zuma ake magani, sai dai in an adana ta.

Ku karanta wa wanda bai iya boko ba, a masallaci, a majalisa, a gidan suna. Duk ɗan takarar da ya shigo Zongo neman ƙuri'a, ku tambaye shi a gaban jama'a: ya yarda da rabin kuɗin dattawa, ko bai yarda ba? Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku kamo hannun Baba da Inna, ku ba jam'iyyar da ta rubuta alkawarinta ƙuri'arku.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.