Idan Maganin Sauro Ya Shiga Ruwan Kifi

Wani maƙwabcina mai kiwon kifin teku a akwatin gilashi ya fesa maganin sauro a falo da magariba, ya ja ƙofa. Kafin asuba kifayen suna haki a saman ruwa: injin hura iska ne ya zuƙi feshin ya kai musu. Sinadarin firetiroyid da ke cikin yawancin magungunan nan, ƙanƙaninsa ma dafi ne ga kifi.

In haka ta auku, ko sabulu ko ruwan jabel ya ɗiga ciki, kada a tsaya neman mai laifi. A kwashe kifayen zuwa bokitin da omo bai taɓa shiga ba, cikin sabon ruwa mai gishiri da ɗumi irin na da: kimanin giram 35 a lita, digiri 25. Gishirin miya ba ya wannan aiki, sai haɗin gishirin teku. A sauya rabin ruwan akwatin, a sa gawayin tace ruwa a matata (ba na murhu ba), a sabunta shi washegari. Jabel kuwa, maganin kashe kulorin yana karya shi nan take.

Cikin kifi bakwai, biyu maƙwabcin nawa ya tsira da su.