Ku daina jan kaya a kan sabon daɓe!

Duk wanda ya zuba kuɗinsa ya shimfiɗa daɓen katako a falo, sannan ranar tarewa ya harɗe hannu yana kallo ana jan firiza a kai, bai cancanci a jajanta masa ba. Kafintan da ya yi kwana da kwanaki a durƙushe yana jera katakon ɗaya bayan ɗaya, shi ne abin tausayi. Wannan ɓarna ta yi yawa a Keffi, kuma ta ishe ni.

Garin nan ya cika ya batse. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa, ga asibitin tarayya na FMC, ga ma'aikatan Abuja da tsadar haya da cunkoson Mararaba da Masaka suka turo mana. Daga Angwan Lambu zuwa GRA har hanyar Akwanga, ko'ina sabon gini ne ke tashi. Yawancin mutane tayil suke sawa, amma masu hali sun fara sa katako, wasu kuma shimfiɗar nan mai kama da katako. Ana kashe kuɗi ba a ji ba a gani, sai a zo rana ɗaya tak da ake bukatar hankali, a yi watsi da shi.

Maigida, da kai nake. Ka ɗauko motar kaya, ka tsaya kana ja-in-ja da 'yan dako a kan abin da bai kai kuɗin katako guda na falonka ba. Aikin mutum huɗu ka ba mutum biyu. Yaya mutum biyu za su ɗaga wadirof mai ƙofa shida? Dole su ja shi. Da ƙafarsa ta zana layi tun daga bakin ƙofa har uwar ɗaka, sai ka hau zagin bayin Allah, har ka zaftare musu kuɗin aiki. Wannan zalunci ne. Ba ka ba su kwali ba, ba ka ba su bargo ba, ba ka ce musu uffan ba, kai ne ma kake ta "ku yi sauri, mai mota na jira".

Iyayena mata, da girmamawa, ranar jere ma haka abin yake. Gwaggo ta ce a matsar da gado gabas, Inna ta ce a'a a mayar da shi jikin taga, kowane juyi kuma ja ake yi. Kafinta ya baje guduma da ƙusoshi a tsakar ɗaki yana haɗa gado, 'yan kallo suna shiga da fita da takalma masu tsini. Amarya ba ta ko taka ɗakin ba, daɓenta ya riga ya tsufa. Idan an yi magana, a ce "ba komai, kafet zai rufe". Akwai komai!

Abin da ke ƙona min rai shi ne ba mu ɗauki katakon nan a bakin komai ba. Maɗaci da loko da maɗobiya bishiyoyi ne da ke shekara da shekaru kafin su isa yanka. Mun ga yadda aka yi wa maɗobiya ƙarƙaf a dazukan Taraba da Kogi ana lodinta zuwa ƙasar Sin, har hukumar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Itacen da ya yi wannan tsada a daji, shi ne ake kankarewa da gindin tukunyar gas cikin minti ɗaya.

Kuma babban mai laifin ba ma firiza ba ne, yashi ne. Jar ƙasar da ke manne a takalmi, idan ta shiga tsakanin ƙafar kujera da katako, aikin sanfefa take yi. Saboda haka kafin kaya su iso a share ɗakin tas, a ajiye tabarma a bakin ƙofa, a cire takalmi. A shimfiɗa kwali mai kauri duk inda za a bi, inda kaya masu nauyi za su wuce kuma a ɗora falanki a kan kwalin. Kada a manna salatif a jikin katakon kansa, don yana ɗago fentin ƙyallin idan an zo cirewa. Kwali da kwali ake mannawa. A ɗaga, kada a ja. A liƙa roba ko ƙyalle mai kauri a ƙafar kowace kujera da gado. Mai fenti da mai silin da mai wayar lantarki su gama nasu kafin a sa daɓe, domin ƙafar tsaninsu ba ta da imani. In sabon shafe aka yi wa katakon, a bar shi ya bushe sosai ko da tarewar za ta ƙara kwanaki.

Bayan an tare, kada a kwara masa bokitin ruwa kamar daɓen siminti. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, ruwan da ya shiga tsakaninsa kuma sai ya banƙare shi. Katako na gaske ana iya goge shi da inji a sake shafe shi, amma shimfiɗar da aka yi wa zanen katako in ta karce ta karce ke nan, sai canji. Tayil ma da gefensa ya ɓantare ba ya gyaruwa.

Masu gidajen haya da 'yan haya, ku duba daɓe tare, ku ɗauki hotonsa kafin a shigar da ko cokali, don kada ranar tashi a laƙaba wa wani ɓarnar da bai yi ba.

Kwali yana nan jibge a shagunan kasuwar Keffi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka saye shi kafin ka kira mai mota, ka ɗauki 'yan dako isassu, ka biya su haƙƙinsu cikakke, kuma ka tsaya a bakin ƙofa da kanka har a sauke kaya na ƙarshe.