Turke Huɗu Ba Turke Ɗaya Sau Huɗu Ba Ne

'Yan'uwa manoma, duk ƙungiyar da ke shirin ɗora tankin ruwa a bisa ƙarafa, ko gina sito, a Bodinga ko Shagari, sai ta tsaya ta dubi abin da ido ba ya gani, watau ƙarƙashin ƙasa. Tanki mai cin lita 10,000 ruwansa kaɗai tan 10 ne, nauyin buhu 100 ke nan na gero mai kilo 100.

Mun san misalin nan na mai gini a bisa rairayi cikin Matiyu sura 7. To, amma mutumin jigawa ko bakin fadama, ina zai sami dutse? Dabarar injiniyoyi ita ce su kafa dogayen turaku na kankare ko ƙarfe har can ciki, su haɗa kawunansu da faifan kankare guda. Haka ake yi wa manyan gadoji.

Ga inda maganar take. Mutum zai zaci turke huɗu za su ɗauki abin da ɗaya ke ɗauka sau huɗu. Ba haka ba ne. Idan rairayin sako-sako ne, buga turaku yakan danƙare shi, har su ƙara ƙarfi. Amma nauyinsu a haɗe yana kai wa zurfin da turke ɗaya ba ya kaiwa, saboda haka tarinsu yakan nutse fiye da guda, ko da kowanne kayan da yake ɗauke da shi bai ƙaru ba. In kuwa iska ta tura daga gefe, na gaba ne ke shan wahala, na baya suna fake a bayansu. Shi ya sa akan bar tazara kamar kaurin turke sau 3 tsakaninsu.

Yanzu da kwamfuta ake wannan lissafi. Takan rarraba hoton ƙasar ƙanana ƙanana, ta ɗora masa nauyi, ta nuna inda zai motsa. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai kwamfuta ba ta taɓa taka gonarku ba. Abin da aka gaya mata a kan ƙasar, shi take tauna. In ba a haƙa an gwada ba, lissafin na wata ƙasa ne dabam, kome kyan takardar.

Ruwa kuma shi ne babban abin lura. Rairayin da ya jiƙe sharkaf yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa na ɗaukar kaya, ruwa mai gudu kuwa yakan kwashe shi daga gindin turke. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2010 ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ba sai an gaya masa ba.

Gaskiya ne yawancin gine-ginenmu ba su bukatar turaku, harsashi mai faɗi ya isa. Amma gwaji ne zai nuna haka. A ganina kada ma'aji ya fid da ko kwabo sai an sa kuɗin gwajin ƙasa cikin kwangila. Ranar da injiniya ya zo kuwa, a kira dattawan da suka haƙa rijiyoyin wurin, gama su suka san gaba nawa ake yi kafin a tarar da laka, da inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta.