A fim kowa Eskoba ne, a Nima wa ke ɗaukar jakar?

Daren Asabar ɗin da ta wuce na biyo ta wani lungu tsakanin Nima da Maamobi, sai na tarar da samari kusan goma sun yi da'ira a bes ɗinsu. Butar ataya na kan gawayi, an jingina waya ɗaya a jikin gwangwanin madara, kowa ya zuba mata ido. Narcos suke kallo, wai karo na uku ke nan. Ɗan yayata na cikinsu, kuma da kunnena na ji abokansa na kiransa Eskoba. Yaron da aka yanka wa rago ranar suna, aka raɗa masa sunan kakansa.

Da na janye shi gefe na yi masa magana, sai ya yi dariya. "Haba Kawu, fim ne fa kawai. Kuma ai kashe shi aka yi a ƙarshe. Darasi ne."

Wannan amsa tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ba shi kaɗai ke ba da ita ba. Ita masu shirya irin waɗannan finafinai ke bayarwa, ita iyaye ke ba kansu don hankalinsu ya kwanta. Wai tunda mugu ya mutu a ƙarshe, an ja kunnen mai kallo. Ni dai ban yarda ba.

Mu yi lissafi. Narcos ya fito a Netflix a 2015, kuma zango biyun farko, kashi 20 ke nan, duk a kan Pablo Escobar na Kolombiya ne. Kusan awa ashirin kana zaune tare da mutumin nan. Kana ganin kuɗi sun yi masa yawa har ana binne su a ƙasa, kana ganin yadda 'yan sanda ke rawar jiki a gabansa, kana ganin yana wasa da 'ya'yansa, yana rungumar uwarsa, yana gina wa talakawa gidaje da filayen ƙwallo. Sannan a 'yan mintocin ƙarshe a harbe shi a kan rufin wani gida a Medellin, kamar yadda ta faru da gaske ranar 2 ga Disamban 1993. To tsakani da Allah, wanne ne zai zauna a kan yaro ɗan shekara goma sha tara wanda ya gama sakandare ba aikin yi? Awa ashirin na mulki, ko minti biyar na mutuwa? Mutuwar ma a idonsa mutuwar maza ce. Ba wanda ya taɓa ɗaukar laƙabin ɗan sandan da ya harbe shi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce fim ne ya kawo ƙwaya zango ba, kuma ban ce a hana kallo ba. Ni kaina na kalla, na kalli Breaking Bad ma daga farko har kashi na 62, kuma finafinai ne da aka iya shiryawa. Wannan na biyun ya fi gaskiya a kan kwaɗayi. Malamin makaranta ne mai koyar da kimiyya, ciwon daji ya kama shi, ya fara dafa ƙwaya da sunan zai bar wa iyalinsa abin da za su ci. Kuɗin da yake buƙata suka samu tun da wuri, amma bai tsaya ba, sai a ƙarshe ya amsa da bakinsa cewa don kansa ya yi, don abin na yi masa daɗi. Duk wanda ya taɓa jin saurayi na cewa "sau ɗaya kawai zan yi, in biya wa Mma kuɗin haya in daina" ya san wannan labarin. Kwaɗayi ba ya zuwa da sunansa, da sunan taimakon uwa yake sallama.

Abin da ke damuna shi ne wurin da kyamara ke tsayawa. Kullum a bayan kafaɗar maigida take. Da idonsa kake ganin duniya, tsoronsa ne tsoronka, in 'yan sanda sun kusa kama shi gabanka ne ke faɗuwa. Sauran mutane kuwa kayan aiki ne, su shigo su faɗi su fita.

A cikin Narcos ɗin akwai wani saurayi talaka mai jaririya a gida. Eskoba ya jawo shi jiki, ya yi masa alheri, ya ba shi jaka da wata na'ura ya ce ta naɗar magana ce, in ya hau jirgi ya danna. Bam ne. Wannan ya samo asali ne daga abin da ya faru da jirgin Avianca a watan Nuwamban 1989, inda mutum 107 da ke cikinsa suka mutu. Na tambayi ɗan yayata sunan wannan saurayin a fim ɗin. Sau uku ya kalla, bai iya tunawa ba. Na ce masa to ɗana, in har akwai kujerarka a wannan harka, ita ce wannan.

Ba zagi ba ne, duba tarihin ƙasar nan. Manyan shari'o'in ƙwaya da suka girgiza Ghana, wanne ne ya fito daga bes? A 2005 aka kama Eric Amoateng a Amurka da hodar hiroyin, lokacin yana ɗan majalisa mai ci, mai wakiltar Nkoranza ta Arewa, aka yanke masa shekara 10. A 2006 jirgin ruwan nan MV Benjamin ya shigo ruwan Ghana da ƙunshi 77 na hodar iblis, 76 suka yi ɓatan dabo, har sai da gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai shari'a Georgina Wood don ya bi sawu. A ƙarshen 2014 aka kama Nayele Ametefe a filin jirgin Heathrow na Landan da hodar iblis kusan kilo 12, kuma abin da ya fi tayar da ƙura a Accra lokacin shi ne rahoton cewa ta ɓangaren manyan baƙi na filin jirgin Kotoka ta fita. Jirgin ruwa, kujerar majalisa, ƙofar manya. Wannan sana'a ce ta masu jari da masu hanya. Yaron da ke neman sidi goma na data ba ya cikin wannan sahu, kuma ba zai shiga ba ko zai shekara ana kiransa Eskoba.

Abin da ke iso mana nan ƙasa daban ne. Tun wajen 2017 ake kuka da tramadol. Hukumar abinci da magunguna ta amince ne da mai ƙarfin 50 da 100 kawai, amma mai 120 da 225 da 250 ne ke yawo a aljihu. Yanzu kuma ga wadda yara ke kira red. A watan Fabrairun 2025 sashen binciken BBC na Afirka ya bi sawun irin waɗannan ƙwayoyi daga titunan Tamale har zuwa wani kamfani a Mumbai ta Indiya mai suna Aveo, wanda ke haɗa magunguna biyu, tapentadol da carisoprodol, haɗin da ba ƙasar da ta ba shi lasisi, yana turo wa Ghana da Najeriya da maƙwabtansu. Bayan rahoton ne gwamnatin Indiya ta haramta haɗin. Ka ga inda ribar take kwana. Mu abin da ya rage mana shi ne saurayin da ke barci a tsaye a bakin kwata, da ɗan okada da ya sha don ya yi aikin dare ya ƙare a gadon asibiti, da uwar da ke ɓoye tukunyarta da wayarta daga ɗan cikinta.

Ga kuma baƙin suna. Wanda ya taɓa rubuta Nima a takardar neman aiki ya ga yadda fuskar mai karɓa ta canza, ya san abin da nake faɗa. Unguwar da ta fitar da Mohammed Kudus, ta fitar da mawaƙan VIP, ta fitar da malamai da likitoci da 'yan kasuwar da ke ciyar da rabin Accra da shinkafa da wake da hatsi, amma da an ce ƙwaya sai a waiwayo mu. Sai kuma yaranmu da kansu su ɗauki laƙabin dillalan hodar Kolombiya su liƙa wa kansu, su buga hoton mutumin a riga. Mai neman hujja a kanmu ba sai ya wahala ba.

Mun taɓa ganin irin wannan. Wajen 2009 kasuwar fim ta Ghana ta cika da finafinan sakawa, kalmar da ma daga bakin Hausa ta fito. Kowannensu da darasi yake ƙarewa: yaro ya haukace, ko ya mutu, ko ya koma maciji. Amma kafin a kai nan an nuna motoci, an nuna gidan bene, an nuna 'yan mata. Sakawa ta ragu saboda waɗannan finafinai? Kowa ya ba kansa amsa.

Sai dai in na tsaya a kan fim kawai na yi mana sauƙi, don akwai fim ɗin da ya fi Narcos tasiri, kuma mu manya ne ke shirya shi. Saurayi ya ɓace wata shida, ya dawo da mota. Ba wanda ya san sana'arsa, kuma ba wanda ya tambaya. Ranar biki shi ake ba kujerar gaba, maroƙi ya wasa shi, ya yi liƙi da sabbin takardu. Ranar Sallah shi ke yanka sa. In ana ginin masallaci ya ba da buhun siminti ɗari, a karanto sunansa a lasifika, a yi masa addu'a, jama'a su ce amin. A gefe ga tela da ya shekara ashirin a kan keke, ga malamin makarantar allo da ya koyar da rabin unguwa, ba wanda ya ba su wurin zama. Yara na tsaye suna kallo. Eskoba ma da gidajen talakawa da filayen ƙwallo ya sayi unguwanni, har ya samu shiga majalisar ƙasarsu a 1982. Masu karɓa a can su ma ba su tambaya ba. Muna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, muna nufin na yaro. Namu fa, na mu masu karɓa?

Na san za a ce talauci ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗaki ɗaya mutum takwas, mai gida na neman kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule, ga kuɗin makaranta. An kafa asusun raya zango da doka a 2017, an buɗe ma'aikata sukutum ta zango, daga baya aka rufe ta, samari na nan zaune inda aka bar su. Uwar da ɗanta ya miƙo mata kuɗi cikin irin wannan hali ba ƙaramin ƙarfin zuciya take buƙata ba kafin ta ce "ina ka samo?" Amma akwai masu tambayar. Na san wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai da ta mayar wa ɗanta kuɗin kujerar Hajji, ta ce sai ya nuna mata shagon da ya samo su. Har yau ba ta je Makka ba. Ba ta cikin fim ɗin kowa.

Dokar ƙasa ma ta motsa, mu ne ba mu bi ta ba. Dokar ƙwaya ta 2020, wadda ta mayar da NACOB ta zama hukumar NACOC, ta bambanta mai sha da mai sayarwa: wanda aka kama da ɗan abin da zai sha tara ce a kansa maimakon shekaru a Nsawam, don an fara kallon shaye-shaye a matsayin ciwo. Mu kuwa a gida har yanzu akasin haka muke yi. Mai sha, wanda shi ne majinyaci, shi ake kora, a ɗaure shi da mari ko a ce ba ɗan gidan nan ba ne, alhali akwai sashen masu shaye-shaye a asibitin Pantang. Mai sayarwa kuwa ana gaishe shi da Alhaji.

Mutanen Medellin sun gaji da baƙi masu zuwa ɗaukar hoto a gidan Eskoba saboda fim. A watan Fabrairun 2019 hukumar birnin ta rushe benen nasa da ake kira Monaco, ta mayar da wurin dandalin tunawa da waɗanda aka kashe. Su da abin ya ci, juya kyamarar suka yi.

Shi nake roƙon yaranmu masu shirya fim da waya da masu ɗora barkwanci a TikTok da YouTube su yi, da 'yan'uwanmu na Kannywood da muke bin shirye-shiryensu a nan kamar a Kano. Ku yi fim ɗin ƙwaya, amma ku tsayar da kyamara a wani wurin. Ku bi yaron da aka ba jaka daga safe har dare. Ku zauna da uwa a layin ziyara a Nsawam da kwanon tuwo a cinya. Ku nuna kwamitin masallaci daren da suke gardamar ko za su karɓi simintin nan ko a'a, don wallahi gardamar da ke cikin wannan ɗakin ta fi harbe-harbe riƙe mai kallo. Ba ya buƙatar jirgin sama ko bindigar roba, ɗaki ɗaya da 'yan wasa biyar sun isa.

Na faɗa wa ɗan yayata wannan shawara, tunda shi ma yana taɓa ɗaukar bidiyo. Ya yi shiru, ya juya kofin atayarsa, sannan ya ce, "Kawu, fim ɗin zai yi kyau. Amma wa zai yarda ya fito a yaron jakar?"