Sanyin Bana Bai Ƙaryata Ɗumamar Duniya Ba

Ranar 26 ga Fabrairun 2015, Sanata James Inhofe na jihar Oklahoma ya shiga zauren Majalisar Dattawan Amurka da dunƙulen dusar ƙanƙara a cikin leda. Ya fito da shi ya ɗaga, ya tuna wa takwarorinsa cewa ana ta yayata 2014 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara auna yanayi, alhali ga abin da aka ɗebo daga waje. Sannan ya cilla shi wajen kujerar mai jagorantar zaman. Wanda ya yi wannan wasa ba ɗan kallo ba ne. Shi ne a lokacin shugaban kwamitin majalisar mai kula da muhalli, kuma tun 2012 ya wallafa littafi guda yana kiran ɗumamar duniya yaudara.

Shekarar da aka jefa dunƙulen ta zarce 2014 zafi. 2016 ta zarce ta. 2023 ta kafa sabon tarihi, 2024 ta rushe shi. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar a farkon 2025 cewa shekaru goma daga 2015 zuwa 2024 su ne goma mafi zafi a duk abin da aka rubuta zuwa lokacin, kuma 2024 ta ɗara matsakaicin zafin shekarun 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyos.

Duk da haka hujjar ba ta mutu ba. A ƙarshen Janairun 2019, da wani matsanancin sanyi ya rufe tsakiyar Amurka, Shugaba Donald Trump ya yi ba'a a shafinsa na Twitter, yana roƙon ɗumamar duniya ta dawo da sauri domin ana bukatarta. Haka kuma duk shekarar da hunturu ya yi tsanani a Kano ko Damagaram, sai maganar ta kunno kai a teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp, wani lokaci daga bakin masu digiri: ina ɗumamar da ake faɗa, ga mutane na jin wuta da asuba? Tambayar tana da daɗin ji, domin ta dogara da abin da fata ta shaida, kuma Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Sai dai abin da aka gani ɗin ba shi ne abin da ake jayayya a kansa ba.

Kalma ɗaya, abu biyu

Rikicin ya fara ne daga harshe. Kalmar "yanayi" tana ɗauke da abu biyu da masana suka raba. Akwai yanayin yau: an tashi da hazo, ko hadari ya haɗu da la'asar. Akwai kuma yanayin ƙasa, wato halin da aka san wuri da shi idan aka tara ranakunsa na shekaru masu yawa aka fitar da matsakaicinsu. A ƙa'idar masu auna yanayi, shekaru 30 ake haɗawa kafin a ce ga halin wuri. Ɗumamar duniya magana ce a kan na biyu. Wanda ya kawo sanyin mako guda domin ya rushe ta, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Dawanau ya san wannan bambanci, ko da bai taɓa jin sunan wani masanin yanayi ba. Kowace kaka farashin masara yakan faɗi, domin sabon amfani ya shigo. Babu magidancin da zai ga wannan faɗuwa ya ce ashe tsadar rayuwa ƙarya ce. Ya san abin da ake kwatantawa shi ne kakar bana da kakar shekaru goma da suka wuce, bazarar bana da bazarar wancan lokaci. Farashi yana hawa yana sauka cikin shekara, amma matakalar da yake hawa da sauka a kanta ita kanta tana tafiya sama. Mutumin da ya yarda da wannan lissafi a kan buhun masara, ya ƙi shi a kan ma'aunin zafi, ba rashin fahimta ke damunsa ba.

Unguwa ba duniya ba ce

Kuskure na biyu na wuri ne. Jihohin Amurka 48 da ke haɗe da juna ba su kai kashi 2 cikin 100 na faɗin doron duniya ba. A makon da Shikago ta sauka zuwa wajen digiri 30 ƙasa da sifili a Janairun 2019, Ostireliya tana ƙarasa watan Janairu mafi zafi a tarihinta, kuma kwanaki kaɗan kafin nan birnin Adelaide ya kai digiri 46.6. Da wani sanatan Ostireliya ya shigo majalisa da narkakkiyar kwalta a hannu, da hujjarsa ta yi daidai da ta Inhofe a nauyi: dukkansu ba su auna komai ba sai ƙofar gidansu. Lambar da ake kira matsakaicin zafin duniya ana fitar da ita ne daga dubban tashoshi a kan tudu, da jiragen ruwa, da na'urori masu shawagi a teku, kuma hukumomi daban-daban a Amurka da Ingila da Japan da Tarayyar Turai suna yin lissafin kowa da hanyarsa. Suna saɓawa a ƙananan lambobi, ba sa saɓawa a kan inda layin ya dosa.

Babu kuma wani masani da ya taɓa alkawarin cewa za a daina sanyi. Abin da ke kawo lokutan shekara shi ne karkatar duniya da kimanin digiri 23.5 yayin da take kewaya rana, kuma hayaƙin masana'antu bai miƙar da ita ba. Tsakanin daren Janairu a Kano, da kan sauko ƙasa da digiri 15, da tsakar ranar Afrilu da kan kai 40, akwai tazarar da ta haura digiri 25. Ƙarin digiri ɗaya da ɗoriya ba zai shafe wannan tazara ba. Hunturu zai ci gaba da zuwa, leɓe zai ci gaba da tsagewa.

Daga nan ne masu musu kan juya su ce, to ashe abin bai taka kara ya karya ba, digiri ɗaya da rabi har wani abu ne? A nan ma lissafin ya kuɓuce musu. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara mai kauri ta binne wurin da Shikago take a yau, matsakaicin zafin duniya bai gaza na kafin zamanin masana'antu da fiye da digiri 5 zuwa 7 ba. Digiri ɗaya a ɗaki ba komai ba ne. Digiri ɗaya a matsakaicin duniya baki ɗaya, da tekunanta da hamadarta, zafi ne mai yawan gaske.

Inda ya kamata a duba

Idan ana son a san ko ranakun sanyi suna faɗin wani abu, ƙirga su ake yi. A 2009 Gerald Meehl da abokan aikinsa suka bi bayanan tashoshin auna yanayi na Amurka, suna kwatanta sau nawa aka kafa sabon tarihin zafi da sau nawa aka kafa na sanyi. A shekarun 1950 kusan kunnen doki suke. A shekarun 2000, duk tarihin sanyi ɗaya yana da na zafi kusan biyu. Ma'ana, matsanancin sanyi bai ɓace ba, amma yana ƙara zama baƙo. Wataƙila wannan ne ma ya sa yake girgiza mutane idan ya zo: an fara mantawa da shi.

Sauran shaidun ba su dogara da ma'aunin zafin iska ba sam. Kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da duniya ke tarawa cikin teku yake shiga, kuma teku ba ta san sanyin mako guda a Washinton ba. Ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tun farkon ƙarni na 20. Iskar kabon da ke sararin sama, wadda take wajen kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, ta kai kimanin 315 lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, yanzu kuwa ta haura 420. Akwai ma wata alama da ke nuna mai laifin da yatsa. Da ƙarin ƙarfin rana ne ke ɗumama duniya, da sararin sama ya ɗumama daga ƙasa har sama. Abin da aka auna shi ne sashen da ke kusa da ƙasa yana zafi, na can sama yana sanyi, kamar yadda Syukuro Manabe ya yi hasashe tun 1967 idan iskar kabon ce sanadi. An ba shi kyautar Nobel a 2021.

Abin mamaki, daren hunturu da ake kafa hujja da shi darasi ne a kan wannan ilimi. Iskar da ke busowa daga Sahara busasshiya ce ƙarau. Da rana ta faɗi, zafin da ƙasa ta sha yakan tsere sama ba tare da wani abu ya tare shi ba, shi ya sa asuba ke cizo. Da damina, lokacin da iska ke cike da laima, dare yakan kwana da ɗumi domin tururin ruwa yana riƙe zafin kamar bargo. John Tyndall ya nuna a ɗakin gwaji tun 1859 cewa tururin ruwa da iskar kabon duka suna da wannan hali, kuma a 1896 Svante Arrhenius ya lissafa yadda ƙaruwar kabon za ta ɗaga zafin duniya. Ilimin ya girmi Majalisar Ɗinkin Duniya, ya girmi duk wata ƙungiya da ake zargi da ƙirƙiro shi domin neman tallafi.

Mai shakka na gaskiya yana da abin koyi. Richard Muller, malamin kimiyya a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, bai yarda da alƙaluman zafin duniya ba. Maimakon ya ɗauko ƙanƙara, sai ya haɗa tawaga suka sake lissafin daga tushe, da kuɗin da wani ɓangarensa ya fito daga gidauniyar Charles Koch, attajirin da ya yi suna wajen adawa da dokokin rage hayaƙi. A 2012 ya fito fili ya ce ɗumamar gaskiya ce, kuma ɗan Adam ne ya jawo kusan dukkanta.

Adalci ga ɓangare biyu

Dusar ƙanƙara mai yawa ba ta saɓa wa ɗumama ba. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin laima da kimanin kashi 7 cikin 100, kuma laimar nan, inda sanyi ya isa, dusa take zama ta zubo. Akwai kuma masanan da ke ganin cewa ɗumamar ƙuryar arewacin duniya, wadda ta ninka ta sauran duniya kusan sau huɗu tun 1979, tana raunana ƙawanyar iskar da ke tsare sanyi a can, har ya ɓalle ya kwararo kudu, kamar yadda ya faru a Teksas a Fabrairun 2021, inda hukumomin jihar suka ƙirga mutum 246 da suka mutu. Wasu masanan ba su gamsu da wannan alaƙa ba, kuma muhawarar tana nan. Bai kamata masu kare ilimin yanayi su sayar da ita a matsayin abin da aka gama ba.

Haka nan, wanda ya hana a kafa hujja da dare ɗaya mai sanyi ba shi da izinin kafa hujja da rana ɗaya mai zafi. Kuma ba kowace masifa ce za a rataya wa sauyin yanayi ba. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, ruwan sama mai yawa ya taka rawa, amma tambayar yadda aka kula da madatsar ba ta faɗi ba. Jami'in da ya ɓuya a bayan "sauyin yanayi" domin kada a tambaye shi kuɗin gyara, da ɗan siyasar da ya ɓuya a bayan sanyi domin kada a tambaye shi hayaƙi, duk kanwar ja ce.

Wa ke biyan kuɗin wannan wasa

Da a teburin mai shayi maganar ta tsaya, da sai a yi dariya a wuce. Amma hujjar ƙanƙara tana da masu cin moriyarta, kuma tana ƙarewa ne a takardun gwamnati. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa zuba iskar kabon a sararin sama idan aka tara tarihi, ta fice daga Yarjejeniyar Paris a 2020, ta koma a 2021, sannan a ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya sa hannu a kan umarnin sake ficewa. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi a shekara.

A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumin Ramadan, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution da suka bincika zafin da ya rufe Sahel a makon nan sun ce irinsa ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba. Waɗanda suka fi jin jiki tsofaffi ne da marasa lafiya, a gidajen kwano, a garuruwan da lantarki ke ɗaukewa. Yankin da ke zaune dab da iyakar abin da jiki zai iya jurewa ba shi da rarar digiri da zai yi kyauta da ita.

Saboda haka abin takaici ne a ji likita ko injiniya ko malamin jami'a a wannan yanki yana maimaita ba'ar da aka ƙera domin kare rijiyoyin man Oklahoma. Injiniyan da zai zana magudanar ruwa, da jami'in gona da zai ba manomi shawarar irin da zai shuka, da mai tsara ginin asibiti, dukkansu suna yanke hukunci ne a kan yanayin shekaru 30 masu zuwa. Idan suka auna shi da sanyin da suka ji da asubar jiya, magudanar za ta yi ƙanƙanta, irin zai ƙone, ɗakin marasa lafiya zai zama tanda a watan Afrilu. Rigar sanyi tana da ranarta, a sa ta. Amma lissafin ƙasa da kundin shekaru ake yin sa.