"Take off" da "ci": darasin da ke bakin ɗalibanmu

'Yan uwa malamai, duk wanda ya koyar da Turanci a aji biyar ko shida ya san wahalar da yara ke sha idan kalmomi biyu suka haɗu suka haifi wata ma'ana dabam. Mu ɗauki "take off". Yaro ya haddace cewa "take" ɗauka ce, "off" kuma kashewa, kamar yadda yake gani a jikin makunnin lantarki. Ranar da ya gamu da su tare a takardar jarrabawa, sai kansa ya ɗaure.

Idan aka ce "take off your shoes", a cire takalma ake nufi. Idan jirgin sama ake magana, to ya tashi ke nan. Idan kasuwanci ne, ciniki ya kankama. Ma'aikacin da ya ce zai "take a day off", hutun yini guda yake nema. Mai kanti kuwa, idan ya faɗe ta a kan naira ɗari, ragi ya yi wa mai saye. Ma'ana biyar ke nan, kuma babu wadda fassarar kalma-kalma za ta kai yaro gare ta.

A ganinmu, maganin yana bakin yaran tun daga gida. Ɗan shekara bakwai ya san cin tuwo dabam yake da cin jarrabawa, cin bashi, cin amana, cin kasuwa ko cin sarauta. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa; kalmomin da ke kewaye da "ci" ne ke nuna masa abin da ake nufi. Wannan basirar ita ce "take off" ke bukata. Idan muka fara darasin da "ci", muka bar yara su kawo nasu misalan, sannan muka rubuta jimlolin Turanci cikakku a allo maimakon jerin kalmomi na hadda, tsoron zai ragu.

Shi ya sa muke ganin kuskure ne a ci yaro tara ko a buge shi don ya yi Hausa a aji. A shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince da koyarwa da harshen uwa a farkon firamare. Wasu za su ce ai da Turanci ake rubuta jarrabawar shiga sakandare. Gaskiya ne, amma wanda ya gane ma'ana shi ke ci, wanda ya haddace kawai yakan tsaya cak da zarar an sauya jimla.

Muna kira ga shugabannin reshe su sa wannan batu cikin taron ƙara wa juna sani na gaba. Iyaye kuma su ci gaba da hira da tatsuniya da 'ya'yansu da Hausa mai kyau, domin da ɗan gari akan ci gari.